Pugno: naushi ne ko awon gishiri? A taimaka min da wannan kalma ta Italiyanci

Sadiku_Bolonya
Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan da na samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a nan Bolonya, Italiyancin nawa har yanzu rarrafe yake yi. Jiya da daddare yaron kuku bai zo ba, sai aka tura ni gaban tukunyar taliya. Ruwa na tafasa kuku ya juyo daga can ya daka min tsawa: "Un pugno di sale!" Ni kuwa pugno ɗin da na sani shi ne na filin ƙwallo, ranar da wani yaro ya ce wa abokina "ti do un pugno" yana girgiza masa dunƙulallen hannu. Sai na tsaya sororo ina tunanin me na yi da za a naushe ni a kan gishiri. Mutumin ya taho ya ture ni gefe, ya cusa hannu cikin bokitin gishiri, ya damƙo ya watsa a ruwan, bai ce min uffan ba. To don Allah, kalma ɗaya ce ko biyu ne masu kama? Daga ina ta samo asali? Kuma yaya ake furta ta, don duk sanda na faɗa sai an yi min dariya.

Hajiya_Brescia
Wa alaikumus salam. Sadiku ka ba ni dariya har na kusa ƙona miya. Kalma ɗaya ce ɗana. Pugno shi ne hannu idan an dunƙule shi. In ka kai wa mutum shi, naushi ke nan, sunansa pugno. In ka damƙo gishiri ko shinkafa da shi, abin da hannun ya ɗebo shi ma pugno ne. Kukunku cewa ya yi ka zuba damƙi ɗaya na gishiri. Gobe ka riga shi.

Nura_Torino
Furucin kuma ka daina kiran g ɗin nan. Duk inda ka ga gn a Italiyanci to "ny" ce, kamar ta kunya da hanya. Punyo. In suna da yawa punyi, ana rubuta pugni. Ai kai ma ka rubuta Bolonya a sunanka, alhali su Bologna suke rubutawa, doka ɗaya ce. Haka bagno, banɗaki, banyo ake cewa.

Sadiku_Bolonya
Kai! Ashe amsar tana jikin sunana ban gani ba. Na gode Hajiya, na gode Yaya Nura.

Bala_Mai_Keke
Saura p ɗin. In dai Bakano ne funyo zai ce ko da za a yanka shi.

Sadiku_Bolonya
Bala ni Bazazzagi ne, ka nemi wani.

Malam_Tukur
Bari in ɗan taɓa asalin, tunda shi ma an tambaya. Kalmar daga Latin take, harshen Rumawan da, inda ake cewa pugnus. Italiyanci ɗa ne ga Latin, kuma ba shi kaɗai ya ci wannan gadon ba. Mutanen Sifaniya suna cewa puño, na Fotugal punho, Faransawa poing, mutanen Romaniya pumn. Duk uwa ɗaya uba ɗaya, bakin kowace ƙasa ne ya tauna ta yadda ya iya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawan 'ya'yan da ta haifa tun a Latin ɗin. Daga pugnus aka sami pugnare, yin faɗa, da pugna, yaƙi ko gumurzu. Wato a wurin Rumawa faɗa na asali shi ne na hannu da hannu, daga baya sunan ya bi takobi da mashi har ya kai ga rundunoni. Shi ya sa a Italiyancin yau cin gari mai ganuwa da yaƙi ake ce masa espugnare, tsayawa kai da fata a kan wata aƙida propugnare, abin ƙyama kuma ripugnante, wato abin da ranka ke turewa. Masu Turanci sun san repugnant da pugnacious, nan suka samo su. Ɗan dambe pugile ne, daga pugil na Latin, damben kansa pugilato.

Issoufou_Damagaram
Malam Tukur ka tuna min lakwal. Mu da muka yi Faransanci wannan bai ba mu wuya ba, amma Faransawa sun fi Italiyawa rarrabewa. Poing shi ne dunƙulen, naushi kuwa sai ka ce coup de poing, bugun dunƙule. Damƙin gishiri une poignée de sel, musabaha poignée de main, wuyan hannu poignet, wuƙar suka poignard. Kowa da sunansa. Su Italiyawa suka tattara dunƙule da naushi da damƙi suka ɗora wa kalma ɗaya, shi ne Sadiku ya kusa gudu daga kicin.

Zainab_Padova
A'a Malam Issoufou, ba a yi musu adalci ba. Suna da manciata, daga mano wato hannu, ita ce ainihin "cikin hannu ɗaya". A littattafan girki ita na fi gani. Akwai kuma pizzico, ɗan abin da yatsu biyu ko uku suka tsamo, daga kalmar mintsini. Tsohuwar da nake kula da ita in ta ce pizzico na zuba pugno, ranar ba mai cin abincin. Kuma Sadiku, in kana son lissafi maimakon hannu, ƙa'idar da suke koya wa kowa ita ce giram 10 na gishiri ga kowace lita ɗaya ta ruwa, ga taliya giram 100. Gishirin mai manyan ƙwayoyi, sale grosso, ba na gari ba.

Hajiya_Brescia
Zainabu littafi daban, bakin murhu daban. Shekarata 19 a ƙasar nan, maƙwabtana da kalmomin duka biyun suke amfani, ba wadda ta taɓa auna giram. Bambancin da na lura shi ne pugno hannu a rufe yake, manciata ta fi sakewa.

Baba_Foggia
Ni ban yi boko ba amma na yi gona. Mu da muke Puglia an ce mana sunan yankin ma daga wannan pugno ɗin ne, saboda mutanen wurin akwai zafin hannu. Wani direban tarakta ne ya gaya min.

Malam_Tukur
Baba, Allah ya ƙara girma, direban nan tsokanar ka ya yi. Puglia daga Apulia take, sunan da Rumawa suke kiran yankin, ba ruwanta da dunƙule. Kama ce kawai ta haruffa uku na farko.

Baba_Foggia
To na ji Malam, na bar masa kayansa. Amma ga wadda ba mai ƙwace min, don daga bakin tsofaffin manoma na ji ta: "Giugno, la falce in pugno." Wato watan Yuni, lauje a hannu. Lokacin girbin alkama ke nan, junyo da punyo sun yi amsa-amo. Yanzu inji ke yanka alkamar, amma suna faɗa har gobe.

Ɗaya kuma a jikina na koye ta. Shekarun baya na yi sati biyar ina tsinkar tumatir wa wani mutum, da akwati ake biya, kullum ya ce ranar Asabar. Asabar ta ƙarshe muka zo muka tarar da gona fayau, wayarsa a kashe. Muna zaune bakin titi mu shida, wani tsoho mai sayar da burodi da ya san mu ya tsaya, ya ji labari, ya girgiza kai ya ce mun tashi "con un pugno di mosche". Na tambayi yaron da ya fi mu jin yaren, ya ce wai da damƙin ƙudaje. Na daɗe ina juya maganar nan. Ka kai wa ƙuda cafka, ka ji kamar ka kama, ka buɗe hannu ba komai. Ya ba mu burodi biyu ya wuce.

Ummu_Haidar
Allah ya isar maka Baba. Mu a nan sai mu ce an tashi a tutar babu.

Issoufou_Damagaram
Ko biyu babu, kamun gafiyar Ɓaidu.

Ummu_Haidar
Wannan ai sai in abu biyu ka bi duka suka kuɓuce. Na Baba guda ne, haƙƙinsa aka cinye.

Kabiru_Mai_Tafinta
Labarin Baba ya sa dole in sa baki, don akwai 'yar wannan kalma da ta shafi wuyan kowa a nan. Ina yin tafinta tsakanin mutanenmu da lauyoyi, kuma kalmar da ta fi yawan wuce mutane ita ce impugnare. In an ba ka takarda, ko ta kora daga aiki, ko ta tara, ko ta ƙin amincewa da buƙatarka, ka duba ƙasan takardar za ka ga inda aka ce ana iya impugnare cikin kwana kaza. Ma'anarta ƙalubalantar hukuncin a gaban shari'a. Ga korar aiki kwana 60 ne daga ranar da takardar ta zo hannunka, kuma a rubuce, ba da baki ba. Na ga wanda ya ninke takardarsa ya sa ƙarƙashin katifa wata uku yana jiran ɗan garinsu ya zo ya karanta masa. Da muka je wurin lauya sai haƙuri.

Sai kuma "di proprio pugno". In ma'aikaci ya miƙo maka biro ya faɗi haka, yana nufin da hannunka kai kanka za ka rubuta ko ka sa hannu, ba wani ya yi maka ba. Akwai ma nau'in wasiyya a dokarsu da ba ta inganta sai mai ita ya rubuta ta duka da hannunsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. In aka buga ta da kwamfuta ta ɓaci.

Nura_Torino
Yaya Kabiru, amma ni a wurin aikinmu impugnare riƙewa ce. Ogan ya kan ce in impugnare guduma da kyau, ƙotar ma impugnatura suke ce mata. To riƙe hukunci ne ko ƙin hukunci?

Malam_Tukur
Dukanku kuna da gaskiya, kuma nan ne wurin da ya fi daɗi. Ƙamus ɗinsu kalmomi biyu yake lissafawa masu rubutu iri ɗaya. Ta Nura kai tsaye daga pugno aka ƙera ta, sanya abu cikin dunƙule, kamar takobi ko guduma ko raket. Ta Kabiru kuwa ta biyo ta hanyar pugnare, ma'anarta tun a Latin kai wa abu farmaki. Kaka ɗaya, amma ɗaya ta gaji riƙo, ɗaya ta gaji duka. In ka lura duk zuriyar haka ta rabu gida biyu, domin hannun da aka dunƙule aiki biyu yake yi, ko ya riƙe ko ya buga. Gishirin Sadiku da laujen Baba suna gidan riƙo. "Ti do un pugno" yana gidan duka. Pugnale, wuƙar suka, ta haɗa duka biyun: ana riƙe ta a dunƙule, ana kai hari da ita. In suka ce an yi wa mutum "pugnalata alle spalle", sukar wuƙa ta baya, to yankan baya ke nan irin namu.

Alhassan_Kumasi
Malam, to mu Hausa fa? Ina ganin mun fi su wadata a nan. Naushi, ƙulli, dundu a gadon baya, ranƙwashi a ka, mangari a ƙeya. Kowane da wurin saukarsa.

Nura_Torino
Su ma ba a bar su a baya ba. Schiaffo mari ne, calcio shuri, shi ne ma sunan ƙwallon ƙafa a wurinsu. In rigima ta kaure jarida sai ta rubuta "calci e pugni". A kan titi kuma za ka fi jin cazzotto maimakon pugno, ta 'yan tasha ce. Sadiku in za ka faɗe ta ka kai ta ƙarshe, kar ka tsaya a rabi, rabin farkon ashar ne.

Hajiya_Brescia
Nura a kiyaye harshe, akwai iyaye a nan.

Ni bari in ba ku tawa ta mata. Ranar wata Sallah na ci kwalliya, atamfa kore shar da ruwan goro, sanyi ya sa na ɗora wata jar rigar sanyi a kai. Maƙwabciyata, mun saba sosai, ta tare ni a matakala ta ce kalolin nan "fanno a pugni". Na ce su wa ke dambe? Ta nuna rigar ta nuna zanen. Wato kalolin ba su shiga da juna ba, har naushin juna suke. Na ce mata a garinmu haka ake so, a hango ka daga nesa. Daga baya na ji suna ce wa wani sabon bene da aka gina tsakiyar tsofaffin gidaje "un pugno nell'occhio", naushi a ido, abin da ya ɓata wa ido rai. Na gode Allah ba wannan ta ce min ba.

Zainab_Padova
Hajiya ai da an yi pugni na gaske a matakalar. Akwai kuma "un pugno nello stomaco", naushi a ciki, ga labari ko hoton da ya girgiza mutum. Da "avere in pugno", mutum ko nasara tana tafin hannunka. Masu sharhin ƙwallo suna yawan faɗa in ƙungiya tana gaba da ci biyu.

Ɗan_Guramaɗa
Ni duk wannan nahawun bai dame ni ba, dambe aka ambata shi ya fito da ni. Da gaske Turawan nan suna da dambe na gargajiya ko dai na safar hannu ne kawai?

Zainab_Padova
Suna da shi da. Daga nan Padova zuwa Venezia rabin awa ne a jirgin ƙasa, kuma akwai wata 'yar gada a unguwar Dorsoduro, kusa da dandalin San Barnaba, sunanta Ponte dei Pugni, gadar naushi. Mutanen birnin sun kasu ɓangare biyu, Castellani na gabas, yawancinsu maƙeran jiragen ruwa, da Nicolotti na yamma, masunta. Daga watan Satumba zuwa Kirsimeti sukan haɗu a kan gadar, lokacin ba ta da makari a gefe, a yi ta naushi har a tunkuɗa abokan karawa cikin ruwa. A 1705 aka hana, bayan wani karo da ya wuce hannu ya koma wuƙaƙe da duwatsu. Har yau a saman gadar akwai sawun ƙafa huɗu na farin dutse, inda 'yan damben ke tsayawa kafin a fara. Na sa ƙafata a ɗaya, takalmina bai cika shi ba. A gindin gadar akwai kwalekwalen da ke sayar da kayan miya, mutane na cinikin tumatir ba ruwansu.

Ɗan_Guramaɗa
Allahu akbar, Kudu da Arewa ke nan! Masunta da maƙera, mu kuma mahauta. Sai dai mu kisa shi ne ka kai mutum ƙasa, su kisa a ruwa.

Alhassan_Kumasi
Kar ka haɗa su. Dambe mutum biyu ne, da turmi, da alƙali, da makaɗi. Wancan taron dangi ne kawai a kan gada.

Zainab_Padova
Da ɗaya-da-ɗaya suke farawa Malam Alhassan, shi ya sa aka yi sawun. Daga baya ne ake rufuwa gaba ɗaya.

Sani_Roma
Ɗan Guramaɗa in ka taɓa zuwa Roma ka neme ni in kai ka Palazzo Massimo, gidan tarihi ne dab da tashar Termini. Akwai mutum-mutumin tagulla na wani ɗan dambe a zaune, aikin Girkawa, an tono shi a 1885 a gefen tudun Quirinale. Hanci a karye, kunnuwa sun kumbura, an sa jan ƙarfe a raunukan fuskarsa kamar jini, ya juyar da kai kamar an kira sunansa. Hannuwansa duka biyu an naɗe su da igiyar fata tun daga yatsu har kusan gwiwar hannu. Da na gan shi naɗin kara kawai na tuna, sai dai namu hannu ɗaya ake ɗaurewa a bar ɗayan garkuwa. A garin nan ne kuma Muhammad Ali ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1960, yana Cassius Clay lokacin. Su ma suna da Primo Carnera, ƙato mai kusan mita biyu, da ya zama zakaran duniya na masu nauyi a 1933.

Malam_Tukur
Tunda an shigo da Girkawa, su pygme suke ce wa dunƙule, 'yar'uwar pugnus ce ba 'yarta ba. Kuma suna awo da ita, daga gwiwar hannu zuwa gaɓoɓin dunƙule, kamar kamu namu sai dai namu har ƙarshen yatsa yake kaiwa. Daga nan suka raɗa wa wasu gajerun mutane na tatsuniyarsu suna, masu tsawon wannan awon guda ɗaya, sunan da Turawa suka zo suka liƙa wa mutanen dazukan tsakiyar Afirka.

Bala_Mai_Keke
Malam daga gishirin taliya an kai mu dajin Kwango. Ni abin da na sani kawai fim ɗin kaboyi na Clint Eastwood da Sergio Leone ya yi a 1964, sunansa na asali Per un pugno di dollari. Shekara da shekaru ina ɗauka "naushi saboda dala" ne, tunda duka ake yi daga farko har ƙarshe.

Hajiya_Brescia
Damƙin daloli ne Bala. Kai da Sadiku jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Issoufou_Damagaram
Amma har yanzu ina kan bakana. Baƙo ya ji "un pugno" a kicin mai hayaniya, ta yaya zai san duka ne ko awo?

Kabiru_Mai_Tafinta
Ya saurari abin da ke biye. In "di" ta biyo da sunan abu, pugno di sale, pugno di riso, har pugno di uomini wato 'yan tsirarun mutane, to awo ne. In kuwa ya ji kalmomin kai duka, "dare" ko "tirare" ko "prendere a pugni", ya ja da baya.

Issoufou_Damagaram
To pugno di ferro fa? Ga "di" ga sunan abu, kuma ba damƙin ƙarfe ba ne, mulkin ƙarfa-ƙarfa ne.

Kabiru_Mai_Tafinta
Ka kama ni. Wannan sai dai a haddace.

Sadiku_Bolonya
Jama'a na dawo da rahoto. Yau ma yaron bai zo ba. Ruwa na tafasa ban jira kowa ba, na damƙo gishiri na ɗaga hannu na ce "un punyo?" Kuku ya kalli hannuna, ya kalli tukunyar, ya ɗaga yatsu biyu ya ce "due", wai hannuna ƙarami ne. Anti Zainab, tukunyar lita 20 ce, in na bi lissafinki giram 200 ke nan, damƙi biyu nawa kuwa ba na jin sun kai rabin haka. Wa zan bi?

Zainab_Padova
Wanda ke biyan ka albashi.

Hajiya_Brescia
Ka ɗanɗana ruwan tukuna, wataƙila na safe ya riga ya zuba.